Babba Juji Ne: Wa Za Mu Zaɓa Dattijo?

'Yan'uwa cikin Kiristi, duk lokacin da zaɓen dattawan ikilisiya ya kusato, mukan ga abin mamaki. Wanda bai taɓa leƙa addu'ar tsakiyar mako ba sai ya riga kowa zuwa. Ana bi gida gida da dare, ana tuna wa mutane wanda ya ba da kwanon rufin majami'a da wanda ya sayi janareta. Ranar bikin godiya kuwa, wani yakan yi fushi don kawai ba a kira shi babban tebur ba.

Wannan ciwo ya daɗe. A Markus sura 10, Yakubu da Yohanna, 'ya'yan Zabadi, sun roƙi Yesu kujerun dama da hagu, sauran almajirai goma kuma suka ji haushinsu. Yesu bai hana su son girma ba. Hanyar ya canja musu: mai neman girma a cikinsu, sai ya zama baran sauran. A Yohanna sura 13 kuma ya nuna a aikace. Ya tashi daga wurin cin abinci, ya yi ɗamara da tawul, ya wanke ƙafafun almajiransa, aikin da bawan gida ke yi. Har Yahuda, wanda zai bashe shi, yana cikin waɗanda aka wanke wa ƙafa.

Kakanninmu ma sun ce babba juji ne. Kowa ya kwaso shararsa, can yake kaiwa. Wanda ba ya iya ɗaukar damuwar mutane, ko rawaninsa ya kai ina, bai zama babba ba tukuna.

Mu tuna yadda bishara ta sami karɓuwa a ƙasar nan. A shekarun 1930 mishan ta SIM ta kama aiki a asibitocin kutare na Yadakunya a Kano, da Babbar Ruga a Katsina, da Amanawa a Sakkwato. A lokacin dangi ma gudun kuturu suke yi. Ban da Turawan mishan, akwai 'yan ƙasa, maza da mata, da suka yi shekaru suna wanke gyambo suna ɗaure shi. Yawancinsu ba a rubuta sunayensu a jikin wani bango ba, amma hannuwansu sun yi wa'azi.

Irinsu suna nan cikinmu. Akwai matan Zumunta da ke kwana asibiti da marar lafiya, da malamin makarantar Lahadi da ba a biyansa ko kwabo, da saurayin da ke share majami'a ran Asabar. Kuɗi ba laifi ba ne, mai bayarwa kuma ya cancanci godiya. Amma idan muka mai da dattijantaka ladan gudummawa, gwauruwa da maraya za su rasa mai jin kukansu, 'ya'yanmu kuma za su ɗauka a gidan Allah ma kujera ta sayarwa ce.

Saboda haka kafin mu ɗaga hannu ranar zaɓe, mu tambayi kanmu: wa ke zuwa gidan rasuwa ba a aika masa ba? Wa ke sasanta ma'aurata ba tare da ya tona asirinsu ba? Wa zai ci gaba da hidima ko an kayar da shi? Wannan shi ne dattijonmu. Allah ya ba mu idon gane shi. Amin.