ZARE: Kafin ka sayi motar dizal ta hannu don jan karaban

1/ Wani ƙanena da ke Manchester ya turo min hotunan wata jif jiya da daddare. Baƙa wuluk, kujerun fata, shekararta tara amma mil 41,000 kacal ta yi. "Yaya, wannan ai za ta ja mana karaban ko? Dizal ce, kuma ba ta yi tafiya ba." Na ce masa kar ya biya ko sisi sai ya karanta wannan zaren. Ku ma ku matso, yana da ɗan tsawo. 🧵

2/ Ga waɗanda ke gida: karaban ɗaki ne na tafi-da-gidanka, da gadaje da ɗan kicin da banɗaki, ana ɗaura shi a bayan mota a ja shi zuwa wurin hutu. A nan Birtaniya abin a jinin Turawa yake. Mu kuwa masu yara huɗu lissafi ne ya kai mu. Ka tambayi kuɗin ɗaki biyu a otal na mako guda a watan Agusta, sai ka nemi wurin zama.

3/ Ra'ayina, kuma na san ba zai yi wa wasu daɗi ba: yadda muka saba zaɓen mota, da suna da ƙyalli da "ba ta yi tafiya ba", shi ke jefa mutum a rami in dizal zai saya don ja. Na fi yarda da wadda ta ci mil 100,000 a manyan hanyoyi da rasit ɗinta cike da jaka, a kan wadda ta yi 40,000 tana zagayen unguwa.

4/ Jiki magayi. Motata ta farko irin ta ƙanen nan nawa ce sak. Ba zan faɗi sunan kamfanin ba, don laifin nawa ne. Wata dattijuwa ce ta riƙe ta, daga gida sai kanti, daga kanti sai gida. Dillalin yana ta yabon ƙarancin mil ɗin, ni ina ta washe baki, a zatona na yi tsuntuwa.

5/ Tafiyarmu ta biyu da karaban, mun taso daga Leeds za mu arewacin Wales ta M62. Wanda ya san hanyar ya san doguwar hawan nan ta kan tsaunukan Pennines. Kusa da mahaɗa ta 22 ne wuri mafi tudu a duk manyan hanyoyin Ingila, mita 372, ga iska ba ta hutawa. A tsakiyar hawan wuta ta kama a dashbod, inji ya saki. Ina taka totur har ƙasa, mota ta ƙi wuce mil 40.

6/ Manyan motoci suna wuce mu, kowacce ta wuce sai in ji karaban ya yi girgiza ya ja bayan motar. Uwargida ta yi shiru na ɗan lokaci, can ta ce, "Abban yara, wai lafiya kuwa?" Na ce lafiya lau, alhali tafin hannuna ya jiƙe sharkaf a kan sitiyari. Da ƙyar na lallaɓa muka fita daga hanyar. Hutun nan a bayan motar janwe ya ƙare, yara na kuka.

7/ Me ya faru? Matatar hayaƙi, wadda ake kira DPF. Kusan duk dizal ɗin da aka yi daga 2009 zuwa yau tana da ita a cikin salansa, tana tare baƙin tokar hayaƙi. In ta cika, injin da kansa yake ƙone tokar, amma sai salansa ya yi zafi sosai, wato sai an yi tafiya mai ɗan nisa ba tsaye-tsaye. Motar da kullum minti goma take yi a kashe ta ba ta samun wannan damar.

8/ Abin bai tsaya nan ba. Don ya ƙone tokar, injin yana ƙara watsa dizal. In aka kashe mota aikin bai gama ba, wani ɓangare na dizal ɗin yana zurarewa cikin baƙin mai ya tsinka shi. Shekara da shekaru ana haka. Sai kai kuma ka zo ka rataya mata kilo 1,400 ka nufi tudu. Bakanikena da ya zaro sandar gwajin mai ya nuna min ya haura alamar cika, ga warin dizal, kallona kawai ya yi.

9/ Don haka dizal mai shekara tara da mil 41,000 ni tsoro take ba ni. Raba ka gani: ƙasa da mil 5,000 a shekara. Kyan ɗan maciji ke nan.

10/ To, ta ina za a fara? Ba ta mota ba. Ta karaban. A gefen ƙofarsa akwai ɗan ƙarfe da aka rubuta MTPLM, wato iyakar nauyinsa in an loda shi. Manyan ƙungiyoyin masu karaban na ƙasar nan biyu suna ba sabon shiga shawarar kar wannan nauyin ya wuce kashi 85 cikin 100 na nauyin motar ba kaya. Shawara ce, ba doka ba. Amma duk wanda karaban ya taɓa kaɗa wa wutsiya a kan hanya ba zai yi musu da ita ba.

11/ Lissafin: karaban mai kilo 1,300 yana son mota mai kimanin 1,530. Mai 1,450, wanda nan ne yawancin masu ɗaukar iyali suke, yana son mai 1,700 ko fiye. Ka ga tun ba ka je wurin dillali ba rabin motocin da ke burge ka sun fita daga layi.

12/ Doka kuma tana jikin motar. Buɗe ƙofa ko bonet za ka ga farantin kamfani da lambobin nauyi huɗu. Ta farko iyakar nauyin motar da kayanta, ta biyu iyakar mota da abin da take ja a haɗe. Wuce wannan laifi ne, kuma in hatsari ya faru kamfanin inshora zai iya juya maka baya. Takardar mota ta V5C ita ma tana nuna iyakar abin da za ta ja. Kar ka yarda da "ai tana jan tan biyu" daga bakin mai sayarwa. Karanta da idonka.

13/ Akwai wani nauyin da muke mantawa: wanda hancin karaban ke dannawa a kan ƙugiyar ja. Ana so ya zama kashi 5 zuwa 7 na nauyin karaban, kuma kowace mota da iyakarta, da yawa tsakanin kilo 75 da 100. Ni da sikelin banɗaki da guntun katako nake aunawa. Sannan kayan da karaban zai iya ɗauka ba su da yawa, sau tari kilo 150 zuwa 200 ne. Mu da ba ma tafiya sai da buhun shinkafa da galan ɗin mai da tukunyar tuwo, a kula. Shinkafa ta shiga but ɗin mota.

14/ Giya. Na san akwai 'yan "ni sai manuwal". Ni ma da can haka nake, har ranar da na yi ribas da karaban a kan jiƙaƙƙiyar ciyawa mai ɗan tudu, sau biyar ina gyara kwana, Turawan da ke kusa suna zaune a kujerunsu da kofin shayi suna kallona. Ƙaurin kuloci har cikin hancin yara. Kuma kulocin dizal na zamani ba shi kaɗai yake tafiya ba, yakan ja faifan da ke bayansa, kuɗin gyaran ya ninka.

15/ Don ja, otomatik na asali mai aiki da mai ya fi kwanciyar hankali. In kuma irin mai kuloci biyu ne kamar DSG na Volkswagen da Skoda, ka tambaya ko wanda kulocinsa ke cikin mai ne, shi ake haɗawa da injin 2.0 TDI. Mai giya shida ɗin ana canja masa mai duk mil 40,000. Ka ce a nuna maka rasit. Babu rasit, ka ɗauka ba a yi ba.

16/ Wani abin mamaki: ba kullum otomatik ke da iyakar ja mafi yawa ba. Kia Sorento ta 2015 zuwa 2020, manuwal ɗinta kilo 2,500 aka yarje mata, otomatik 2,000. Shi ya sa na ce a karanta farantin wannan motar da ke gabanka, ba na 'yar'uwarta a intanet ba.

17/ Kafin ka ƙona mai zuwa ganin mota, karɓi lambarta ka shiga shafin gwamnati na GOV.UK. Tarihin gwajin MOT ɗinta yana nan kyauta: mil nawa ta yi kowace shekara, sau nawa ta faɗi, me aka ja kunnen mai ita a kai. In ka ga mil 12,000, 14,000 duk shekara, kuma abin da aka yi ƙorafi a kai bana ba ya sake fitowa baɗi, mai ita yana gyara. In ka ga shekara uku a jere ana maganar taya ɗaya da tsatsa ɗaya, rufe shafin.

18/ In ka je, ka ce kar a tayar da ita kafin ka iso. Taɓa bonet. In da ɗumi, tambayi dalili. Zaro sandar mai. Sa yatsa a bakin salansa: motar da matatarta ke aiki bakin salansarta ba ya yin baƙi ƙirin. In ya yi, wataƙila an fasa matatar an kwashe cikinta. Wasu za su ce maka ai gata aka yi maka. Tun Mayun 2018 in mai gwajin MOT ya ga alamar an taɓa ta, mota ta faɗi, kuma hawa titi da ita haka na iya jawo tarar da ta kai fam 1,000.

19/ Wadda ta zo da ƙugiyar ja a jikinta fa? Mutane na gudunta, wai ta wahala. Ni ba na gudu. Masu karaban da yawa dattawa ne masu lallaɓa mota kamar ƙwai, kuma ka huta da kuɗin sakawa. Tambayi me ta ja. Duba ko bayanta ya zauna. Duba soket ɗin wuta, sababbin karaban mai ƙafa 13 suke amfani da shi, tsofaffi mai 7. In kai za ka saka ƙugiyar, ka sanar da inshora.

20/ "To Malam ka faɗi suna mana." Shi ke nan. In karaban ɗinka bai wuce kilo 1,300 da ɗoriya kaɗan ba, Skoda Superb mai dogon baya, 2.0 TDI, ko 'yar'uwarta Passat. But ɗin Superb lita 660 ne, kuma ba banza ba 'yan tasi suka riƙe ta. Injin da bel yake aiki, a nuna maka yaushe aka canja. In ya fi haka nauyi, ko kuna da yawa, Sorento ko Hyundai Santa Fe masu injin 2.2: kujeru bakwai, nauyi kusan tan biyu. Kia tana ba da garantin shekara 7 ko mil 100,000 da ke bin mota ko an sayar, in ka dace da mai saura.

21/ Na sani. Babu wadda za ka faka a wurin taron suna a juyo a kalle ka. Wani abokina da ya ga tawa cewa ya yi, "Alhaji, tasi ka fara?" Na ce e. Shi tasa ta fi tawa kyau nesa ba kusa ba, kuma na san ta sosai, don sau biyu ina kai shi gareji ɗauko ta.

22/ Shekarar mota ma da magana. Dizal ɗin da ba ta kai matakin Euro 6 ba, galibi waɗanda aka yi wa rajista kafin Satumban 2015, tana biyan fam 12.50 duk ranar da ta motsa a Landan, tun da aka faɗaɗa ULEZ zuwa duk birnin a Agustan 2023. Tsakiyar Birmingham fam 8, Bristol fam 9. A tsakiyar Glasgow ma ba biya ake yi ba, tara ce. Arahar da kake gani a kan 'yar 2013 dalilinta ke nan. In kana zuwa Landan wurin dangi, saka lambar a shafin TfL kafin ciniki.

23/ Yanzu abin da ya fi wuyar haɗiya. Karaban mako uku ko huɗu za ka ja a shekara. Sauran makonni 48 fa? In aikin motar kai yara makaranta ne da zuwa kantin da ke bayan layi, to kai ne za ka zama dattijuwar nan tawa, da hannunka za ka toshe matatar. Gara ka nemi mai fetur mai turbo da ƙaramin karaban, ka haƙura da shan man da za ta yi a mako ukun. Dizal ta mai doguwar tafiya ce. Ni ina yin mil 25 zuwa wurin aiki, shi ya sa ta karɓe ni.

24/ Masu cewa dizal ta mutu, za a hana sayar da sababbi a 2030: gaskiya ne, sababbi. Ta hannu tana nan. Mai lantarki tana da ƙarfin ja, ban musa ba, amma da karaban a baya tafiyar da caji ɗaya ke yi tana raguwa wajen rabi, kuma a yawancin wuraren caji sai ka kwance karaban ka ajiye kafin ka shiga. Da yara huɗu a mota, ana ruwa. Ni dai ba yanzu ba.

25/ A gurguje: tun 16 ga Disamba 2021 mai cikakken lasisin mota na nan zai iya jan har kilo 3,500 ba sai ya yi wata jarrabawa ba, ban da Ireland ta Arewa. An sauƙaƙa takarda ne, ribas yana nan da wuyarsa, ka biya kwas na kwana ɗaya. Gudu mil 60 a babbar hanya, 50 a mai hannu ɗaya. Layin ƙarshe na dama a hanya mai layi uku ba naka ba ne. Sa ƙarin madubi. In karaban ya fara kaɗawa, ɗaga ƙafa daga totur a hankali, kar ka danna birki.

26/ Ƙanen nawa ya turo lambar jif ɗin da safen nan, mun duba tare. Akwai shekarar da mil 2,900 ta yi gaba ɗaya. Ya yi shiru, sai ya ce, "Amma Yaya ka ga kujerun kuwa?" Na gani. Ranar Asabar za mu Wakefield ganin wata Sorento 'yar 2017 mai mil 96,000, mai ita ya ce rasit ɗin suna cikin kwalin takalmi. Na ce masa kar ya tayar da ita sai mun zo.