Farin Haƙori Ba Shi Ne Lafiya Ba

'Yan'uwa talakawa, hodar sa haƙori fari ta cika kasuwanninmu, mai cin goro yana saye don ya kankare ja. To, a lura: mai tsami ko kaushi tana cinye ɓawon haƙori, in ya zaizaye kuwa ba ya tohowa.

A 2011 Tarayyar Turai ta yi doka: maganin da peroxide ɗinsa ya wuce kashi 0.1 cikin ɗari sai ta hannun likitan haƙori. Mu nan wa ke dubawa? Manya suna asibitin kuɗi, talaka ko cire haƙori sai wanzami.

Gwamnati ta binciki kayan nan, ta kai likitoci karkara. 'Yan kasuwa, kada mu sayar wa ɗan'uwa ciwo. Mu riƙe asuwakinmu.