Abin da ya ɗaga Ekklesiyar 'Yan'uwa bayan faɗuwar Kwarhi

Ranar 29 ga Oktoban 2014 mayaƙan Boko Haram suka shiga Mubi, a ranar kuma suka mamaye Kwarhi, garin da ke ƙaramar hukumar Hong a jihar Adamawa, inda hedikwatar Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya take, wato EYN. Ma'aikata da malamai da ɗaliban makarantar Littafi Mai Tsarki ta Kulp suka fantsama daji da iyalansu, wasu suka nufi Yola, wasu suka tsallaka Kamaru. Shugaban cocin na lokacin, Rabaran Samuel Dali, ya koma tafiyar da aiki daga Jos. Wata shida kafin nan, a daren 14 ga Afrilu, an kwashe 'yan mata 276 daga makarantar sakandaren Chibok, kuma akasarinsu 'ya'yan wannan coci ne. Daga Gwoza zuwa Michika, daga Madagali zuwa Askira, majami'u sun zama toka, masu bi sun zama 'yan gudun hijira.

Bala'in bai tsaya kan Kirista ba. Wata ɗaya bayan faɗuwar Kwarhi aka tayar da bama-bamai a babban masallacin Juma'a na Kano. Amma labarin EYN yana da abin da ya kamata kowane mai karatu ya tsaya ya duba, domin coci ce da ta kai matakin da mutum ke cewa ya gaji da rai, sannan ta miƙe. Yadda ta miƙe shi ne abin lura, musamman yanzu da tsadar rayuwa da satar mutane suka sa gajiya ta shiga kusan kowane gida.

Akwai wani wa'azi da ya yi kasuwa a majami'u da yawa, wanda ke koya wa mutane cewa mai bangaskiya ba ya karaya. In ka ce ka gaji, sai a ce addu'arka ce ta yi sanyi. In ka kasa barci saboda abin da idonka ya gani, sai a ce ka ƙara azumi, ko ka zo kwanan addu'a da baiko mai tsoka a hannu. Wannan koyarwa tana cutar da mutane, kuma Littafi Mai Tsarki da masu yin ta ke riƙe da shi bai goyi bayansu ba.

A duba labarin annabi Iliya, wanda Musulmi ke kira Ilyasu, a sura ta 19 ta Littafin Sarakuna na Ɗaya. Mutumin ya fito daga babbar nasara a kan Dutsen Karmel, inda ya kunyata annabawan Ba'al a gaban jama'a. Saƙon barazana ɗaya daga sarauniya Yezebel ya sa ya gudu. Ya bar baransa a Biyersheba, ya yi tafiyar yini guda cikin hamada shi kaɗai, ya zauna a gindin wani itace ya roƙi Allah ya ɗauki ransa. Me Allah ya yi masa? Bai tsawata masa ba, bai kuma tuna masa da nasarar jiya ba. Ya bar shi ya yi barci. Mala'ika ya tashe shi ya nuna masa gurasa da tulun ruwa, ya ci ya sha ya koma barci, aka sake tashinsa ya ƙara ci. Sai bayan tafiyar kwana 40 zuwa Horeb aka tambaye shi abin da ke damunsa, aka bar shi ya zazzage ƙorafinsa har sau biyu. Daga nan aka gyara masa lissafi: yana ganin shi kaɗai ya rage, alhali akwai mutum 7,000 da ba su durƙusa wa gunki ba. An kuma ba shi aiki, a ƙarshe aka ba shi abokin tafiya, Elisha.

Tsarin abin lura ne. Jiki aka fara kula da shi, sannan aka saurari kuka, sannan aka mayar da mutum cikin jama'a. Wa'azi ya zo daga baya.

Zabura ma haka take. Daga cikin waƙoƙinta 150, kusan sulusi na kuka ne da ƙorafi a gaban Allah, kuma Zabura ta 88 ta ƙare ba tare da wata kalmar lallashi ba. Akwai littafi guda sukutum mai suna Makoki. Yesu kansa, a lambun Getsamani, ya gaya wa almajiransa cewa baƙin ciki ya cika ransa, ya roƙe su su zauna a faɗake tare da shi. Addinin da Ubangijinsa ya nemi abokan zama a daren tashin hankali ba shi da hujjar kunyata gwauruwar da ta kasa yin waƙa ranar Lahadi.

Abin da EYN ta yi bayan 2014 ya bi wannan sawu. Da taimakon 'yan'uwanta na Church of the Brethren a Amurka, ta fara da hatsi da barguna da magani da irin shuka. Ta shirya tarurrukan warkar da raunin zuciya, inda ake zaunar da mutane ƙungiya-ƙungiya kowa ya faɗi abin da ya gani, a yi kuka tare, ba a katse kowa da aya. Fastoci ma sun zauna a matsayin majinyata, domin da yawansu sun binne mutanensu da hannunsu sannan aka sa ran su hau bagadi su ƙarfafa saura. Dakta Rebecca Dali, matar shugaban cocin, ta ɗauki wani aiki mai nauyi ta hannun ƙungiyarta ta CCEPI: tattara sunayen waɗanda aka kashe da waɗanda aka sace, da kula da zawarawa da marayu da matan da suka kuɓuto daga hannun mayaƙa danginsu suka ƙi karɓarsu. Wannan aiki ya sa aka ba ta lambar yabo ta Sergio Vieira de Mello a 2017. Rubuta sunan mamaci ba ya dawo da shi, amma yana gaya wa mai makoki cewa rashinsa ya isa a tsaya a kansa.

Sai Zumuntar Mata ta cocin, waɗanda duk wanda ya taɓa zama a Adamawa ko kudancin Borno ya san su da anko da tulun kiɗa da waƙoƙin Hausa. A sansanonin gudun hijira sun haɗa kan mata, a yi addu'a, a yi girki, a yi adashe. A 2015 tawagarsu ta zaga majami'un Amurka tana waƙa tana ba da labarin abin da ya sami ƙasarsu.

Wani abu da ya bambanta wannan coci shi ne asalinta. Ta fito ne daga wata ɗariƙa da aka kafa a Jamus a 1708, wadda ke koyar da ƙin ɗaukar makami da ƙin ramuwa. Riƙe wannan koyarwa a lokacin zaman lafiya ba wuya. Riƙe ta bayan an ƙone gidanka shi ne gwaji, kuma ba kowane matashi ne ya ji daɗin jin ta ba. Duk da haka, wani ɗan cocin, Markus Gamache, ya jagoranci kafa matsugunin Gurku a jihar Nasarawa, inda aka zaunar da Kirista da Musulmi 'yan gudun hijira a unguwa ɗaya. Mutumin da ke raba abinci da wanda aka ce masa maƙiyinsa ne ya sami abin da zai tashi dominsa da safe, kuma wannan ma magani ne.

Kada a ɗauka komai ya warware. A Janairun 2020 aka sace Rabaran Lawan Andimi, faston EYN kuma shugaban ƙungiyar Kiristoci ta CAN a Michika, aka kashe shi kafin watan ya ƙare. A faifan bidiyon da masu riƙe da shi suka fitar, ya yi magana cikin natsuwa, ya nuna bai karaya ba domin kowane hali yana hannun Allah, ya roƙi iyalinsa kada su damu. Mutane da yawa sun mayar da kalamansa sandar dukan masu rauni, suna cewa ga yadda Kirista na gaske yake. Wannan kuskure ne. Natsuwar Andimi ta fito daga shekaru na addu'a da hidima cikin jama'ar da ta koyi ɗaukar juna, ba abu ne da ake umartar mai jinya ya fitar daga aljihu ba. Wata ɗaya bayan rasuwarsa mayaƙa suka kai hari Garkida, suka ƙone majami'u a garin da 'yan mishan Stover Kulp da Albert Helser suka yi sujadar farko ta cocin a gindin tsamiya ranar 17 ga Maris 1923. A 2023 cocin ta yi bikin cika shekara 100, hedikwatarta kuma ta riga ta koma Kwarhi, amma har yau akwai 'yan matan Chibok da ba su dawo ba, akwai kuma dubban masu bi a sansanin Minawao na Kamaru.

Sabunta ruhu da bangaskiyar Kirista ke alkawartawa gaskiya ne, kuma waɗannan mutane shaida ne. Sai dai yana zuwa a hankali, ta hannun mutane, kuma yakan fara da kwanon tuwo da kunnen mai sauraro. Saboda haka kira ga fastoci da dattawan coci: ku bar wuri a cikin sujada ga mai kuka, ku ziyarci wanda ya daina zuwa kafin ku yanke masa hukunci, kuma in kun ga alamar ciwon damuwa ku raka mutum asibiti, domin akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Maiduguri da Kaduna da Kware, kuma ganin likita bai rage bangaskiyar kowa ba. Kai kuma mai karatu da ka gaji har ka rasa abin cewa a addu'a, kada ka kulle kanka a ɗaki. Je ka sami wani a cikin ikilisiyarka da ka amince da shi, ka gaya masa gaskiyar halin da kake ciki.