Kumfa Ba Ta Shiga Jijiya

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a tsakanin masu lambu, ana ta yaɗa ta a Facebook da WhatsApp: wai a zuba omo a tankin feshi, duk wata cutar ganye za ta mutu. Maganar tana da ɗigon gaskiya, kuma wannan ɗigon ne ya sa ta fi ƙarya zalla haɗari.

Ga abin da ke gaskiya. Kowace ƙwayar sabulu tana da kai mai son ruwa da wutsiya mai son maiƙo. Shi ya sa ruwan da kan dunƙule ya gangare daga ganyen kabeji ko albasa yake shimfiɗuwa idan an sa masa sabulu. Ita kuma wutsiyar takan kutsa cikin tantanin maiƙon da ke lulluɓe da ƙwayar halitta ta yaga shi. A shekarar 1997, masana biyu a Jami'ar Arizona ta Amurka, Stanghellini da Miller, sun bayyana yadda wani sinadari mai halin sabulu da bakteriya ke fitarwa yake fasa 'ya'yan Pythium da Phytophthora masu iyo a ruwa. Dalili kuwa shi ne, a wannan zangon rayuwarsu ba su da bango, tantani ne kawai. Haka nan farar funfunar da ke kwanciya kamar gari a kan ganyen kuɓewa da kankana: jikinta a waje yake, don haka sabulu na iya taɓa ta.

Iyakar ikon sabulu ke nan. Phytophthora, wadda ta jefa Ayalan cikin yunwa daga 1845, kuma take addabar dankali a Filato, da zarar ta yi bango ta shige cikin ganye, kumfa ba ta kai mata. Fusarium da ke sa tumatir yaushi ta saiwa take shiga, ta toshe jijiyoyin da ke kai ruwa. Wanda ya wanke ganyen irin wannan shuka ya yi wa mai ciwon ciki wanka ne.

Sannan omo ba sabulun feshi ba ne. An haɗa shi ne don ya cire maiƙo daga tufa, kuma ganye ma da kaki yake kare kansa. Idan aka kankare kakin, ganyen ya ƙone a rana, ya rasa ruwa, ya buɗe wa cutar ƙofa. Sabulun da aka yi domin shuka na fotashiyam ne, ana sirka kashi 1 zuwa 2 cikin 100 na ruwa. Shi ma sai an gwada a kan 'yan ganye tukuna, a fesa da yamma, a guji ruwa mai zartsi, domin yana kashe ƙarfinsa.

Babbar asarar ba kuɗin omo ba ce, kwanakin da suka wuce ne. Manomin da ya yi mako biyu yana fesa kumfa ya rasa lokacin da zai tuge masu cutar, ya gyara ban-ruwa, ya nemi malamin gona. Masu yaɗa wannan shawara ba su ci bashin taki ba, ba kuma su za su tsaya gaban iyali da kwando wayam ba. Duk wanda ya ce maka "sa omo", tambaye shi sunan cutar da inda take zaune a jikin shukar. In ya kasa amsawa, bar omonka a wurin wanki.