A Gwada Hanyar Hayaƙi Kafin A Amince Da Wuta

'Yan'uwa manoma, tukunyar gas ta shigo ƙauyukanmu. A 2021 Gwamnatin Tarayya ta keɓe shekara goma domin bunƙasa amfani da gas, ana kuwa ƙarfafa mutane su bar itace su koma risho. Wannan abu ne mai kyau, gama itace yana ƙarewa, hayaƙinsa kuma yana cin idon matanmu da ƙirjinsu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatacciyar iska ta cikin gida ta kashe mutum wajen miliyan 3.2 a shekarar 2020. Amma fa sabon murhu yana da nasa haɗari. Ra'ayina shi ne, kada wata ƙungiyar gama kai ta taimaki memba ya sami risho, ko murhu mai bututu, sai an sa wani ya je ya duba ɗakin ya gwada shi.

Ga dalili. Kowace wuta tana bukatar hanya biyu: wadda iska mai kyau za ta shigo, da wadda hayaƙi zai fita. Idan ɗaya ta toshe, wutar ba ta cin makamashinta sosai, sai ta riƙa fitar da wata muguwar iska da ake kira kabon monoksaid. Ba ta da launi, ba ta da wari. Warin nan da kuke ji idan tukunya tana yoyo, wani sinadari ne da aka zuba cikin gas ɗin da gangan domin a gane yoyo. Ita kabon monoksaid hanci ba ya jinta sam. Idan an shaƙe ta, tana kama jini fiye da yadda iskar oksijin take kamawa har sau 200 da ɗoriya. Mutum ya fara da ciwon kai, da jiri, da tashin zuciya, da kasala. Mai barci kuwa ba ya ma farkawa.

A Ingila, inda ake sa murhun gas a bangon falo domin ɗumama gida, ba a yarda kowa ya kafa shi ba sai gwanin da sunansa yake cikin rajista. Tun watan Afrilu na 2009 ana kiran rajistar Gas Safe Register, ita ce ta maye gurbin CORGI. Dokar 1998 kuma ta wajabta wa mai gidan haya ya sa a duba kayan gas na gidansa kowace shekara. Gwanin yakan yi gwaji iri biyu. Na fari, kafin ya haɗa murhun, yakan rufe ƙofofi da tagogi, ya ɗumama bututun, ya kunna wata ƙwaya mai yawan hayaƙi a gindinsa. Sa'an nan ya fita waje ya ga ko hayaƙin yana fita ta bakin bututun, ya kuma leƙa cikin silin da sauran ɗakuna ko yana tsiyaya ta wata tsaga. Na biyu, bayan ya haɗa murhun, ya kunna shi minti biyar ɗaki a rufe, ya kawo ashana mai hayaƙi kusa da bakinsa. Idan bututun ya zuƙe hayaƙin, lafiya. Idan ya komo cikin ɗaki, ya ƙara jira kamar minti goma ya sake gwadawa. In har yanzu yana komowa, ya buɗe taga kaɗan. Idan buɗe tagar ya gyara abin, watau iska ce ba ta isa ba, sai a huda kafa a bango. Ga wasu irin murhun, ana neman kafa mai faɗin santimita 10 da tsawon santimita 10, wadda ba a rufewa. Murhun da ya faɗi gwaji, ba a barinsa a kunne.

Wani zai ce wannan maganar ƙasar Turawa ce, mu ba mu da irin murhunsu. Gaskiya ne. Amma ku dubi yadda gidajenmu suka sāke. Ɗakin kakanninmu jinka ce da asabari, iska tana ratsawa ta ko'ina. Yanzu muna gini da bulo da siminti, da rufin kwano, da silin, da tagar gilashi, da ƙofar ƙarfe. Da ɗari ya sauko a watan Disamba da Janairu, musamman a kan tudun Jos da na Mambila, sai a toshe kowace kafa da tsumma, a shigo da kaskon gawayi, ko a kunna risho domin ɗaki ya yi ɗumi. Ga abin da ya fi na Turawa muni: nasu murhun yana da bututu, amma kasko da risho ba su da shi. Duk abin da suka fitar, cikin ɗakin yake zama. Haka kuma ɗakin 'yan tsaki, inda masu kiwon kaji suke kwana da gawayi ko fitilar gas, a rufe ko'ina da leda, wani lokaci har yaro ya kwana a ciki yana tsaro.

Na san abin da ke hana mutane barin kafa a buɗe: sanyi, da sauro, da ɓarayi. Dukansu dalilai ne na gaske. Amma ƙaramar kafa a sama kusa da rufi, da wata a ƙasa, an sa musu ragar waya, ba ɓarawon da zai bi ta nan, ba kuwa sauro. Ta ƙasan tana da wani amfani kuma, gama gas na tukunya ya fi iska nauyi, idan ya yi yoyo ƙasa yake kwanciya. Game da sanyi kuwa, bargo ɗaya ya fi kwana a asibiti araha.

To, me ƙungiya za ta yi? Na ɗaya, ta zaɓi mutum biyu, namiji da mace, a koya musu wannan aiki, su riƙa zaga gidajen membobi kowace shekara bayan an gama girbi, kafin sanyi ya yi ƙarfi. Na biyu, su dubi harshen wutar risho. Shuɗi ya kamata ya zama. Idan ya koma rawaya, yana lilo, ko yana baƙanta gindin tukunya, a kashe a kai wa mai gyara. Na uku, duk murhun da yake da bututu, su gwada shi da turaren tsinke kamar yadda gwanin Ingila yake yi da ashanarsa: a rufe ƙofa, a hura wuta, a jira minti biyar, a ga inda hayaƙin turaren ya nufa. Su kuma zura sanda cikin bututun bayan ya huce, gama sheƙar tsuntsu da gidan zanzaro da kunkunniya sukan toshe shi. Na huɗu, ƙungiyar da take da hali ta sayo 'yar na'urar nan mai batir wadda take ƙara idan ta ji kabon monoksaid. Sari ya fi sauƙi da sayen ɗaiɗai.

Amma a lura, ba gwajin da zai sa kaskon gawayi ya zama abin kwana da shi a rufaffen ɗaki. A fitar da shi kafin a kwanta, ko da ya daina hayaƙi, gama jan garwashi ma yana fitar da gubar. Risho na girki ne, ba na jin ɗumi ba. Janareta kuwa wajen gida ne wurinsa, nesa da taga.

Idan mutanen ɗaki ɗaya suka tashi da ciwon kai da amai gaba ɗaya, ba zafin jiki, suna kuwa jin sauƙi idan sun fita waje, kada a ce zazzaɓin cizon sauro ne. A buɗe ƙofa da taga, a fitar da su, a kashe wutar, a kai su asibiti nan da nan, a gaya wa ma'aikatan cewa da wuta suka kwana. Manja da madara ba sa fitar da wannan guba, ɗura wa wanda ya suma abu a baki kuwa yana iya shaƙe shi.

Muna gwada iri kafin mu shuka, muna auna taki kafin mu zuba. Ina roƙon shugabannin ƙungiyoyi su sa maganar gwajin wuta cikin ajandar taronsu na gaba, su rubuta sunayen mutum biyun da za su yi aikin. Rigakafi ya fi magani.