Injiniyan Allo Da Alli

'Yan'uwa ɗalibai, gaskiya ɗaci gare ta, amma tilas mu faɗe ta. Shekara 5 muke yi muna karatun aikin injiniya, duk da haka da yawa daga cikinmu za su karɓi digiri ba su taɓa kunna injin sassaƙa ƙarfe da hannunsu ba, ba su kuma taɓa gwada ƙarfin kankare ba. A zana mana inji a allo, mu kwafa, mu haddace, mu juye a takardar jarrabawa. Wannan ne ilmin da za a gina ƙasa da shi?

Sa'ad da 'yan kwangilar Italiya suka gama madatsar Kainji a 1968, an ce ba mu da ƙwararru, muka yarda. Aka ba Tarayyar Sobiyat aikin masana'antar ƙarfe ta Ajaokuta a 1979, kamfanin Japan ya gama matatar mai ta Kaduna a 1980, aka ce mu ƙara haƙuri. To, ga layin dogo na Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016, shi ma kamfanin Sin ne ya shimfiɗa shi. Ashe har yau haƙurin bai ƙare ba?

Ba mu ɗora laifin a kan malamanmu ba, domin wanda ba a ba shi fatanya ba, ba a tuhumarsa da ƙin noma. Laifin na masu riƙe da lalita ne. An kafa shirin SIWES a 1973 don ɗalibi ya koyi aiki a masana'anta, amma masaƙun Kaduna da Kano da yawa sun rufe, sai ɗalibi ya ƙare a wani ofis yana jiran a sa masa hannu a littafi. Ga kuma yajin aikin 2022 da ya cinye mana wata 8.

Saboda haka muna kira da babbar murya. Kuɗin TETFund su fara shiga ɗakunan gwaje-gwaje kafin a ƙawata ƙofar shiga jami'a. Hukumar COREN ta riƙa zuwa duba kayan aiki ba tare da sanarwa ba, ta kuma ce a kunna kowane inji a gabanta.

Gadar da za mu gina gobe, iyayenmu da ƙannenmu ne za su bi ta kanta. A koya mana aikin tun yau.