A Wayar Da Kan Dattawa Game Da Ciwon Zaizayar Ƙashi

Edita,

Don Allah ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini, in ja hankalin jama'a kan wani ciwo da ke kwantar da iyayenmu a karkara, alhali yawancinsu ko sunansa ba su taɓa ji ba. Shi ne ciwon zaizayar ƙashi, wanda likitoci ke kira ostiyoforosis.

Mu nan ƙauye, in tsohuwa ta zame a bakin rijiya ta karye a ƙugu, sai ka ji an ce, "Ai tsufa ne." In bayanta ya ranƙwafa, a ce sanyin ƙashi ne. A kira mai ɗori, shi ke nan. To, faɗuwar da yaro zai yi ya tashi ya kakkaɓe riga, me ya sa take karya tsohuwa? Dalili, ƙashin ya daɗe yana zaizayewa ta ciki, kamar azarar da gara ta cinye. Ba zafi, ba zazzaɓi, sai ranar karaya.

Masana sun ce ƙashin mutum kan gama ƙarfi wajen shekara 30, daga baya sai ya dinga raguwa, musamman ga mata bayan sun daina al'ada. Ƙungiyar duniya mai kula da wannan ciwo ta ce cikin mata 3 da suka haura shekara 50, ɗaya za ta karye saboda shi, a maza kuwa 1 cikin 5. Har an ware masa ranar 20 ga Oktoba. Amma wa ya taɓa jin shelarsa a kasuwar ƙauye?

Abu biyu ne suka fi damuna. Na farko, tun da aka cire tallafin man fetur a 2023, nonon da tsoho ke damun fura da shi ya zama sai wane da wane, alhali nono ke gina ƙashi. Na biyu, ni ɗan tireda ne, duk ranar kasuwa ina ganin dattawa na sayen ƙwayoyin ciwon jiki a hannun masu talla, ba su san abin da ke ciki ba. Irin su dexamethasone da prednisolone, in an daɗe ana sha, cinye ƙashi suke yi.

Alhamdu lillahi, rigakafin na nan a gonakinmu: zogale, kuka, riɗi, da ƙananan kifi da ake ci da ƙayarsu. Tsoho ya riƙa fitowa hantsi, ya taka ƙafa, ya bar taba. A gyara santsin banɗaki, a ajiye masa tocila da dare. Wanda kuma ɗan tuntuɓe ya karya, a kai shi asibiti, irin na ƙashi da ke Dala a Kano, a duba ƙashin nasa.

A ƙarshe, ina kira ga gidajen rediyo da malaman asibitin ƙauye da limamanmu, su yi wa dattawa wannan bayani da Hausa. Su ma masu ɗori, in sun ga irin wannan karaya, su tura mutum wurin likita. Matasa kuma su ci mai kyau tun yanzu, don tun ran gini tun ran zane.

Allah Ya ba iyayenmu lafiya, amin.

Naka,
Wani manomi kuma ɗan tireda,
Daga Jihar Kano.